Yadda Ake Raba Ranar Aiki Gurbi-Gurbi Don Aiki Ya Yi Auki

Mutane da yawa suna tashi daga aiki a gajiye tiɓis, amma in ka tambaye su me suka kammala yau, sai ka ga sun tsaya suna lissafi. An amsa waya, an mayar da amsar saƙonni, an zauna taro biyu, an taya abokin aiki neman wata takarda. Babban aikin da aka ƙudura tun da safe kuwa, rahoton da wa'adinsa ke ta matsowa ko darasin da ya kamata a shirya, yana nan inda aka bar shi jiya. Mafi yawan masu wannan kuka ba malalata ba ne. Sun shiga ranar ne da jerin ayyuka a hannu, shi kuwa jerin ayyuka abin da za ka yi kawai yake gaya maka, ba ya gaya maka yaushe. Duk aikin da ba a yanka masa lokaci ba sai ya jira a samu sarari, sarari kuma ba ya zuwa da kansa. Aikin da ya fi hayaniya, ko wanda ya fi sauƙi, shi yake cinye ranar.

Maganin da zan yi bayani a nan shi ne ka ɗauki awannin aikinka ka yanka su gurbi-gurbi, kowane gurbi ka rubuta masa aiki guda, da lokacin farawa da lokacin tashi. Daga 8:30 zuwa 10:15, rubutun rahoto. Daga 10:30 zuwa 11:15, imel da kiran waya. Haka har zuwa tashi. Ka ga kenan ka yanke shawarar yadda ranar za ta kasance tun hankalinka yana kwance, kafin kowa ya fara ja maka riga.

Akwai hujja a kan cewa sa wa aiki lokaci yana da tasiri. A 1997, Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan Adam daga Jamus, tare da Veronika Brandstätter, sun nemi wasu ɗalibai su rubuta ɗan gajeren rahoto a lokacin hutu cikin kwana biyu. Wasu daga cikinsu an sa su faɗi tun da wuri yaushe da kuma a ina za su zauna su rubuta, sauran kuwa ba a tambaye su ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka ayyana lokaci da wuri sun yi aikin a kan kari. A cikin ragowar, kusan ɗaya bisa uku ne kawai suka yi. Aiki iri ɗaya, ɗalibai iri ɗaya, bambancin kawai shi ne wasu sun riga sun ce "ƙarfe kaza, a wuri kaza".

Mataki na farko: gano inda lokacinka yake zuwa

Kada ka fara zana jadawali tukuna. Ɗauki kwana uku zuwa biyar na aiki, ka ajiye takarda kusa da kai, duk rabin awa ka rubuta abin da ka yi a zahiri. In minti ashirin ka yi kana duba waya, rubuta haka, ba wanda zai gani sai kai. A ƙarshe ka nemi amsar tambaya uku: awa nawa ne a rana suke hannunka da gaske bayan an cire taro da zirga-zirga, wane lokaci ne kanka ya fi ja, kuma wa ko me ya fi katse maka aiki. Yawancin mutane a nan suke gane cewa daga cikin awa takwas, waɗanda suke da iko a kansu ba su kai yadda suke zato ba. Da wannan adadin na gaskiya za ka yi gini.

Mataki na biyu: zazzage ayyukan, ka ware su

Rubuta duk abin da ke wuyanka a wuri guda, babba da ƙarami. Sai ka kasa su uku. Kashi na farko, ayyukan da ke buƙatar nutsuwa: rubutu, lissafi, nazari, zane, shirya darasi, warware matsala mai sarƙaƙiya. Na biyu, ƙananan ayyuka waɗanda kowannensu ba ya wuce minti biyar zuwa goma: amsa saƙo, cike fom, biyan wani kuɗi, kiran wani don tabbatar da magana. Na uku, abubuwan da lokacinsu ba a hannunka yake ba, kamar taro, ganawa da abokin ciniki, ko ɗauko yara daga makaranta.

Kafin ka wuce, sake duba kashi na farko. Duk aikin da aka rubuta a dunƙule ba zai shiga gurbi ba. "Rahoton shekara" ba abu ba ne da mutum zai zauna ƙarfe 8:30 ya fara. Zai zauna ne yana kallon allon kwamfuta yana tunanin ta ina, daga nan hannu ya kai ga waya. Amma "tattara alƙaluman wata uku na farko a tebur guda" abu ne da ake farawa nan take. Ka farfasa kowane babban aiki har sai ka ga abin da hannunka zai fara taɓawa.

Mataki na uku: ƙiyasta lokaci, kuma ka daina yaudarar kanka

A nan ne mafi yawan masu gwada wannan tsari suke faɗuwa, don haka bari in daɗe a kai.

Ɗan Adam bai iya ƙiyasin tsawon aikinsa ba, kuma kuskurensa kullum gefe ɗaya yake karkata: yana ganin zai gama da wuri. Daniel Kahneman da Amos Tversky, masana halayyar ɗan Adam, sun yi bayanin wannan hali tun 1979. A 1994, Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada suka tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe na jami'a kwana nawa za su ɗauka kafin su miƙa kundin bincikensu. A matsakaici suka ce kusan kwana 34. Da aka bi sawu, sai da suka kwashe kusan kwana 55, kuma waɗanda suka gama cikin lokacin da suka faɗa ba su kai ɗaya bisa uku ba. Har ƙiyasin da suka yi na "in komai ya lalace" ma, yawancinsu sun zarce shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan mutum yana ƙiyasi, hoton aikin yake gani yana tafiya sumul, ba ya tuna fayil ɗin da zai ƙi buɗewa, ko alƙaluman da za su ƙi daidaita, ko wanda zai nema a waya bai ɗauka ba.

Hanyar fita ita ce ka daina tambayar kanka "awa nawa wannan zai ɗauka", ka koma tambayar "awa nawa irinsa ya ɗauka a wancan karon". Takardar da ka cike a mataki na farko za ta ba ka amsa. Idan aikin sabo ne ba ka taɓa yin irinsa ba, ɗauki ƙiyasin da ya fara zuwa ranka ka ƙara rabinsa a kai: awa ɗaya ta zama awa ɗaya da rabi, awa biyu su zama uku. Za ka ji kamar ka yi wa aikin alfarma da yawa. Bar shi haka na mako biyu, ka riƙa rubuta lokacin da ya ɗauka a gefen ƙiyasinka, daga nan sai ka gyara da hujja a hannu.

Sai dai akwai ɗaya gefen. Cyril Northcote Parkinson, masanin tarihi ɗan Birtaniya, ya rubuta a mujallar The Economist a 1955 cewa aiki yakan kumbura ya cike duk lokacin da aka ba shi. Ka ba wasiƙa mai sakin layi uku yini guda, za ta cinye yinin. To ya za a yi da waɗannan gaskiya biyu da suke kamar suna karo? Ni dai ga yadda nake ganin ya dace: aikin tunani mai wuya a sake masa mara, ƙananan ayyuka kuwa a matse su. Imel ɗin da za ka iya kwashe awa biyu a kansa, in ka ba shi minti 40 za ka gama muhimman ciki, ragowar kuma dama ba su cancanci lokacinka ba.

Mataki na huɗu: zana ranar

Samu littafin rubutu mai layi da fensir. A gefen hagu ka jera awanni, kowane layi rabin awa, daga lokacin fara aiki zuwa lokacin tashi. Ka bar gefen dama na shafin fili, za ka ga amfaninsa nan gaba. Wannan shi ne salon da Cal Newport, malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Georgetown ta Amurka, ya yayata, kuma sauƙinsa ne ya sa na fi son sa ga mai farawa. Wanda ya fi sabawa da kalandar waya ko ta kwamfuta, irin su Google Calendar ko Outlook, ba laifi, ya yi a can. Amfaninta shi ne abokan aiki za su ga lokacin a cike, ba za su ɗora taro a kai ba.

Lokacin da ya fi dacewa a yi zanen shi ne minti goma zuwa sha biyar na ƙarshen aikin jiya, ko farkon shigowa da safe kafin a buɗe kowane saƙo. Bi wannan tsari wajen cikewa.

Fara da abin da ba ya motsi, wato kashi na uku: taro, ganawa, tafiya. Haɗa da lokacin zuwa da dawowa, da minti goma na shiri kafin taro mai muhimmanci. Sa hutun rana shi ma a matsayin gurbi, kada ka bar shi ya zama abin da ake yi in an samu dama.

Sannan ka ɗauki aikin nutsuwa mafi muhimmanci, guda ɗaya, ka ajiye shi a lokacin da kanka ya fi ja. Ga mutane da yawa safiya ce, ga wasu kuma sai yamma ko dare. Abin da takardarka ta nuna shi za ka bi, ba abin da wani ya ce ba. Tsawon gurbin ya kasance tsakanin awa ɗaya zuwa biyu. Ƙasa da haka, kafin ka nutsa lokaci ya ƙare. Fiye da haka ba hutu, ƙarshensa zama ne kawai a gaban aiki. Kuma kada ka cika ranar da irin waɗannan gurabe. A binciken da Anders Ericsson da abokansa suka wallafa a 1993 kan ɗaliban kiɗan biyolin (wani irin goge na Turawa) a birnin Berlin, waɗanda suka fi ƙwarewa kimanin awa uku da rabi suke yi a rana suna atisaye mai zurfi, kuma a rarrabe, da hutu a tsakani. Aikin ofis ba kiɗa ba ne, amma darasin yana da amfani: gurbin nutsuwa biyu a rana, ko uku in rana ta yi kyau, ya isa mutum.

Bayan haka ka tattara ƙananan ayyuka wuri guda. Gurbi biyu ko uku a rana, kowanne minti 30 zuwa 45, inda za ka amsa imel, ka kira waɗanda za ka kira, ka sa hannu a takardu. Ka ajiye su a lokacin da jiki ya yi sanyi, kamar bayan hutun rana, domin ba sa buƙatar kaifin tunani.

Na ƙarshe, kuma shi aka fi mantawa: bar gurbi babu komai a ciki. Aƙalla awa ɗaya a rana, ko ma ɗaya da rabi in aikinka mai yawan ba-zata ne. Rubuta masa suna "ko-ta-kwana". Nan ne aikin safe da ya zarce lokacinsa zai sauka, nan ne abin gaggawar da ya faɗo tsakar rana zai samu wuri. Jadawalin da aka cike maƙil daga farko zuwa ƙarshe, matsala ɗaya ce za ta rusa shi gaba ɗaya kafin ƙarfe goma sha ɗaya.

Ga misalin yadda shafin ma'aikaci mai aiki daga 8:00 zuwa 4:30 zai iya kasancewa:

8:00 – 8:30 duba tsarin rana, leƙa saƙonnin gaggawa kawai
8:30 – 10:15 rubuta sashe na biyu na rahoto
10:15 – 10:30 miƙe ƙafa
10:30 – 11:15 imel da kiran waya
11:15 – 12:30 duba lissafin da aka turo, fitar da tambayoyi
12:30 – 1:30 hutun rana
1:30 – 2:30 taron sashe
2:30 – 3:30 ko-ta-kwana
3:30 – 4:10 imel da takardun sa hannu
4:10 – 4:30 rufe rana, zana gobe

Lura da cewa aikin nutsuwa a wannan shafi awa uku ne kacal. Wanda ya saba da dogon jerin ayyuka zai ga kamar kaɗan ne. Amma awa uku da aka yi cif kowace rana sun kai awa 15 a mako, kuma mutane ƙalilan ne suke samun hakan a ranakun da ba a tsara ba.

Mataki na biyar: tsare gurbin in lokacinsa ya yi

Zana layi a takarda ba ya hana waya ƙara. Gloria Mark ta Jami'ar Kaliforniya da ke Irvine ta daɗe tana auna tsawon lokacin da ma'aikata suke tsayawa a kan abu guda a allon kwamfuta kafin su juya zuwa wani. A 2004 ta samu kimanin minti biyu da rabi. A binciken da ya biyo baya shekaru bayan nan, ya sauko zuwa kusan daƙiƙa 47. Wani abin lura a aikinta shi ne, kusan rabin katsewar ba wani ne ke yi wa mutum ba, shi ne yake katse kansa.

Kuma kowace juyawa tana da tsada. Sophie Leroy, mai bincike kan halayyar ma'aikata, ta nuna a 2009 cewa in mutum ya bar aiki bai ƙarasa ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yana nan manne da na farkon, sai ingancin na biyun ya ragu. Leƙa saƙo na daƙiƙa goma ba daƙiƙa goma kawai yake ci ba, domin bayan ka ajiye wayar zuciyarka tana ci gaba da tsara amsa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Saboda haka kafin gurbin nutsuwa ya fara, yi waɗannan cikin minti biyu. Sa waya a shiru, ka jefa ta cikin jaka ko aljihun tebur inda ido ba zai gan ta ba. In akwai waɗanda dole kiransu ya shigo, yawancin wayoyi suna ba da damar a ware lambobinsu. Rufe akwatin imel da duk shafin intanet da aikin ba ya buƙata. Ajiye ƙaramar takarda a gefe: duk abin da ya faɗo maka a rai, "ban kira wane ba", "a sayi tawadar na'urar buga takardu", rubuta shi layi ɗaya ka koma aiki. Zai jira gurbin ƙananan ayyuka.

Idan zaman awa ɗaya da rabi ya yi maka nauyi a farko, yanka shi ciki-ciki. Francesco Cirillo, ɗan Italiya, ya fito da wata hanya a ƙarshen shekarun 1980 lokacin yana ɗalibi: minti 25 na aiki, minti 5 na hutu, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Ka sa ƙararrawa ka gwada. Tana da amfani ƙwarai ga aikin da rai ba ya so, domin kowa zai iya daurewa minti 25. Amma in aikin ya kama ka, ka ji tunani yana zuba, kada ka tashi don ƙararrawa ta kaɗa.

Sai maganar mutane, wadda ta fi ta waya wuya. Abokin aiki zai tsaya a kanka da "minti biyu kawai". Ba ka buƙatar ɗaure fuska. Ka ce: "Yi haƙuri ɗan'uwa, ina tsakiyar wani abu, ƙarfe goma da rabi zan zo in same ka." Sannan ka cika alkawari, ka je goma da rabi ɗin. Sau biyu ko uku ka yi haka mutane za su gane cewa "anjima" ɗinka tana da lokaci, su daina jin kamar korarsu kake yi. Shi kuwa shugaba ba a ce masa ya jira, ana miƙa masa zaɓi ne cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ina kan rahoton nan na ranar Alhamis, zan kammala wannan sashe ƙarfe goma da kwata. In ajiye in zo yanzu, ko in ƙarasa tukuna?" Sau da yawa zai ce ka ƙarasa, don shi ma rahoton yake jira. In ya ce ka zo, ka tashi ka je, amma ɗauki rabin minti ka rubuta inda ka tsaya da abin da za ka yi in ka dawo. Leroy da Theresa Glomb sun nuna a 2018 cewa wannan ɗan rubutu yana taimaka wa mutum ya ba sabon aikin cikakken hankalinsa.

Ya kamata ma tun farko ka sanar da waɗanda kuke aiki tare: daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba na duba saƙo, in abu ya yi zafi a kira ni. Mutane sun fi haƙuri da abin da aka gaya musu tun da wuri.

Mataki na shida: in tsarin ya rushe, sake zanawa

Zai rushe, kuma ba sau ɗaya ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Benjamin Franklin na Amurka, tun a ƙarni na 18, ya zana wa kansa jadawalin yini: tashi ƙarfe biyar na asuba, aiki daga takwas zuwa tsakar rana, komawa aiki ƙarfe biyu, bitar rana da dare, barci ƙarfe goma. Duk da haka shi da kansa ya rubuta cewa a cikin halayen da ya yi ƙoƙarin koya wa kansa, bin tsari ne ya fi ba shi wahala, domin mai sana'a dole ya karɓi abokan hulɗa a lokacin da suka ga dama.

Abin da ke kashe wannan dabara shi ne tunanin cewa da zarar an saɓa jadawali sau ɗaya, ranar ta lalace, sai gobe. A'a. A nan ne filin da ka bari a gefen dama zai yi aiki. A ce taron 1:30 ya zarce har ƙarfe uku, kuma an ɗora maka sabon aiki da ake so kafin a tashi. Da ka dawo tebur, ja layi a kan abin da ya rage na tsohon tsari, ka zana sabo a gefensa daga 3:00 zuwa 4:30. Tambayi kanka: a cikin awa ɗaya da rabin nan, me ya fi cancanta? Sabon aikin ya ɗauki awa ɗaya, imel ya koma minti goma, rufe rana ya tsaya a inda yake. Abin da bai samu wuri ba ka ɗaga shi zuwa wani takamaiman gurbi gobe ko jibi, da hannunka, kana sane. Minti uku wannan zai ɗauke ka. Wata rana shafin zai ƙare da zane uku a jere, kuma wannan rana ce da aka riƙe da kyau, domin duk sauyin da aka yi kai ka zaɓe shi.

Idan kuma gurbi ya ƙare aikin bai ƙare ba fa? Duba abin da ke biye. In ƙananan ayyuka ne kuma kana cikin zafin aikin, ci gaba, ka tura su gurbin ko-ta-kwana. In taro ne ko alkawari da wani, tsaya, rubuta inda ka kwana, ka nema wa ragowar wuri. Abin da ba na so ka yi shi ne ka riƙa cinye hutun rana ko lokacin tashi kullum don biyan bashin ƙiyasi mara kyau. Kwana kaɗan za ka yi a haka ka tsani tsarin gaba ɗaya.

Mataki na bakwai: rufe rana da bitar mako

Minti 15 zuwa 20 na ƙarshe, duba abin da aka yi da wanda ya saura, kwashe abin da ke kan ƙaramar takardar gefe, ka ba kowanne rana da lokaci, sannan ka zana gobe. Binciken E. J. Masicampo da Roy Baumeister na 2011 ya nuna cewa aikin da ba a gama ba yana yawan kutsowa cikin tunani, amma da zarar mutum ya yi masa takamaiman shiri sai kutsen ya lafa, ko da bai taɓa aikin ba. Wato wannan ɗan zama shi ne zai bar ka ka koma gida da kai sakayau.

Sau ɗaya a mako kuma ka ɗauki rabin awa ka bi shafukan. Wane gurbi ne kullum yake zarcewa? Ƙara masa lokaci. Wane lokaci ne kullum ake katse ka? Daina sa aikin nutsuwa a nan. Duba makon da ke tafe, ka kama guraben manyan ayyuka tun kafin taruka su cika kalandar.

Ga wanda lokacinsa ba nasa ba ne

Za a ce wannan duk na masu zaman tebur ne. Ma'aikaciyar jinya, mai karɓar kiran abokan ciniki, mai tsaron kanti, uwa mai aiki daga gida da ƙaramin yaro, su fa? Gaskiya ne ba za su iya zana awa takwas ba, kuma kada su gwada. Abin da za su yi shi ne su juya lissafin: mafi yawan ranar ta zama babban gurbi guda mai suna "amsa duk abin da ya zo", sai a nemi gurbi ɗaya tak, ko da minti 40 ne, a lokacin da aka san ƙafa takan ɗauke, a ba shi aikin da kullum ake ɗagawa. Inda ake aiki rukuni-rukuni, ana iya yin karɓa-karɓa: kai ka riƙe waya daga tara zuwa sha ɗaya ni in yi nawa, sannan mu musanya.

Shugabanni kuma akwai nauyi a kansu. Paul Graham, mai rubuta manhaja kuma marubuci, ya yi rubutu a 2009 kan bambancin ranar manaja da ranar mai ƙirƙira. Shi manaja ranarsa dama awa-awa take a yanke, taro guda ba ya rage masa komai. Amma mai rubuta manhaja ko mai zane yana buƙatar rabin yini a dunƙule, taron minti 30 a tsakiyar safiya yana raba masa ita gida biyu da ba wanda zai isa a yi aikin kirki a ciki. In kai ne mai kiran taro, tattara su a gefe ɗaya na rana, farko ko ƙarshe, kuma ka sa su ƙare minti biyar ko goma kafin cikar awa, don mutane su samu numfashi kafin abu na gaba. Google Calendar da Outlook duka suna da saitin da yake rage tsawon taro da kansa.

Ga mai farawa, shawarata ita ce kada ka zana yini cikakke a makon farko. Kama gurbi ɗaya na awa ɗaya da rabi kowace rana, a lokaci guda, don aikin da ya fi muhimmanci, ka bar sauran ranar yadda ka saba. In ya zauna, ƙara guraben ƙananan ayyuka a mako na biyu, sannan ko-ta-kwana da rufe rana a na uku. Kuma ka sa ido a kan aikin da ka ɗaga sau uku a jere ba ka taɓa shi ba. Irin wannan ba ƙarin lokaci yake nema ba: ko dai a dunƙule yake har yanzu sai ka sake farfasa shi, ko akwai bayanin da kake jira daga wani sai ka sa kiran mutumin a gurbin gobe, ko kuma aikin ba naka ba ne tun asali, sai ka mayar wa mai shi ko ka soke shi daga jerin.